Gilashin ƙofar mota yana ƙara amma ba ya hawa

Malam, tunda ka ce kana jin gurnani in ka danna maɓalli amma gilashin bai motsa ba, to wuta na isa, fiyus da maɓallin lafiya suke. Cikin ƙofar akwai ƙaramin moto mai aiki da wutar batir, volt 12, shi ke naɗe wayar ƙarfe da ke jan gilashin sama da ƙasa. Wayar nan kan tsinke ko ta harɗe, ko robar da ke riƙe gilashin ta karye. Yawanci ƙura da bushewar robar gefe ke jawo hakan, don moton sai ya yi ta ja da ƙarfi. Daina dannawa, kar ka ƙona shi. Gara a canza injin ɗaga gilashin gaba ɗaya, ɗaurin waya ba ya daɗewa.