Tsohuwar zuma da tsohuwar bindiga

Wani mai karatu daga Zariya ya rubuto: "Malam, na ga ana gwanjon tsofaffin bindigogin farauta a Ingila da Amurka da tsada fiye da sababbi. Shin karin maganar 'da tsohuwar zuma ake magani' ta dace da su? Kuma yaya za mu kira irin wadda ake jan ƙarfe baya kafin kowane harbi?"

Malam, bari in fara da ta biyun. Ƙarfen nan da maharbi ke ɗagawa ya ja baya, kwanson harsashi ya fice, ya sake turawa gaba ya kulle, aikinsa ɗaya da sakatar ƙofa. Ni dai "bindiga mai sakata" nake cewa, tunda Bahaushe ya riga ya ce "mai jigida" da "harba-ka-ruga". Ɗaya daga cikin waɗanda suka fi shahara a wannan ƙira ita ce Mauser 98, wadda Paul Mauser ya fitar a Oberndorf ta Jamus a 1898. Kamfanin Rigby na Landan ya riƙa sayen injinta, wato sakatar da gidanta, yana ɗora bindigogin farauta a kai, kuma da irin waɗannan bindigogi ne wani maharbi ɗan Scotland mai suna W.D.M. Bell ya yi farautar giwaye a Afirka.

Karin maganar ta dace, amma da sharaɗi. Ba shekaru kaɗai ake yabo a cikinta ba. Zuma ce ta tsufa ba a gauraya ta da komai ba, shi ya sa ta yi magani. Masu tara waɗannan bindigogi ma haka suke dubawa. Mai saye zai juya bindigar ya karanta lambar da aka buga a jikin sakata, ya gwada ta da ta gangar jiki. In sun saɓa, an yi musanye, kuɗi ya faɗi. Zai leƙa cikin bututun ya ga ko tsatsa ta ci zanen da ke murɗa harsashi. Zai so asalin baƙin launin ƙarfen, ko da ya koɗe a inda hannu ke riƙewa, da ƙotar da ba a kankare ba. In akwai takardar kamfani mai nuna wanda ya fara sayen ta, to sai yadda mai ita ya ce.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sojojin Amurka sun koma gida da Mauser masu yawa. Wasu suka datse ƙota, suka huda ƙarfe don ɗaura madubin saiti. Wajen farauta gyara ne, amma a idon mai tarawa gyaran gangar Auzinawa aka yi mata, wato gyaran da ya zama ɓarna. (Kada dai sha'awa ta ɗebi wani: a Nijeriya mallakar ko da tsohuwar bindiga sai da lasisi.)

Wata kuma daga Maraɗi ta tambaya ko "bindiga" Hausa ce tsantsa.

A'a, Malama, aro ce daga Larabci, "bunduƙiyya". Haka "harsashi" daga "rasas", wato darma, da "albarushi" daga "albarud". Wadda muka raɗa da kanmu ita ce "kunama", ɗan ƙarfen da yatsa ke ja, mai lanƙwasa kamar wutsiyarta.