Kafin ka sayi kwamfuresar yawo, ji abin da ya same ni

Wa alaikumus salam ɗan uwa. Wallahi ina karanta tambayarka na ji kamar ni na rubuta ta, wato kana son kwamfuresa, injin iska, da za ka riƙa jefawa a but kana bin mutane inda mota ta lalace musu, kuma ka rasa wacce za ka ɗauka tsakanin ƴar ƙaramar nan ta batir da mai lita 50 ta wuta.

Ni mai lita 50 ɗin na saya, ta hannu, wajen wani dattijo da har baba nake ce masa saboda furfurarsa. Ta sha jan fenti sai ƙyalli take, ya rantse min Beljiyam ce, na faɗa masa aikin kan hanya zan yi da ita ya ce ai kowane janareto zai ja ta. Ya jona a wutar shagonsa ta tashi, geji ya hau 8 bar, na biya har ina godiya.

Kwana huɗu tsakani aka kira ni wajen Kwanar Dangora a hanyar Zariya, wata Sharon cike da ƴan biki mata da yara ta yi faci, ga magariba ta kawo kai. Na sauke kaya ina wani ji da kaina, na tada ɗan janaretona, ina jona ta ya yi gurnani ya mutu. Sau biyar ana haka. Ashe injinta mai 2HP (ƙarfin doki biyu) wajen wat 1500 yake ci, lokacin tashi kuma yana jan ninki biyu zuwa uku, nawa janareton ko 1000 bai kai ba. Ƴar iskar da ta rage a tanki na sa wa gan, abin kwance noti mai aiki da iska, noti biyu ta kwance ta ce ga garinku nan. Da wil sifana na ƙarasa ina taka ta da ƙafa, direba na haska min da fitilar waya, wata hajiya daga ciki tana cewa wai wannan ne makanikin da ake ta jira? Safayarsu ma ba iska, sai a kan acaɓa na ɗora ta na je neman mai faci. Ni da na zo da injin iska fa! Har yau in na tuna maganar hajiyar nan sai na ji zufa.

Washegari na buɗe bawul ɗin ƙasan tankin, jan ruwa ya zubo kamar zoɓo, na kankare fentin na ga walda a ciki. Na mayar wa dattijon, mutumin nan ko ɗago kai bai yi ba, wai kayan wuta in ya bar shago ya bari kenan. Na bar shi da Allah. Ku ji ni da kyau ƴan group, tankin da ya yi tsatsa aka yi masa walda kar ku kusance shi, fashewa yake yi.

Yanzu mai injin fetur 6.5HP nake amfani da ita, mai bel, irin ta masu faci, ba ruwana da NEPA. Nauyi gare ta kam, sai mutum biyu, kuma ka ɗaure ta tamau kar ta riƙa yawo a mota. Kar girman tanki ya ruɗe ka, ka tambayi CFM, wato yawan iskar da take bayarwa a minti ɗaya. Gan mai rabin inci ƙarfin iska 90 PSI take so da CFM 4 zuwa 5, in injin bai kai ba sai ka yi ta jiran tanki ya cika. Siririn tiyo ma shaƙe gan yake, ka nemi 3/8.

Ta batir ɗin ba laifi in iska kawai za ka ba ƙananan motoci, PSI 32 zuwa 35, amma ka sayi mai kamawa a kan batir, ta ramin sigari fis take ƙonawa, kuma zafi take ɗauka sai kana hutar da ita. Af, akwai gan mai caji yanzu, yaron shagona ita yake ta min naci, ban dai saki kuɗi ba tukuna. Lokacin hunturu ka riƙa kaɗe filta, ruwan tanki kuma kullum da yamma ka zubar.

In za ka kasuwar Kofar Ruwa a Kano ka tafi da gan ɗinka da janaretonka a gwada a gabanka, ko da za a ce ka cika ƙaƙale. Wai ma janareton naka nawa ne ƙarfinsa? Ba ka faɗa ba.