Midil, da Zancen "Karatun 'Ya Mace a Madafi Yake Ƙarewa"

Wata malamar firamare daga Azare ta aiko da tambaya biyu. Kakanta yakan ce shi ɗan midil ne, tana son sanin mece ce midil. Sannan ta ce iyayen ɗalibanta na yawan jefa mata maganar nan, "karatun 'ya mace a madafi yake ƙarewa", shin karin magana ce ta kaka da kakanni?

Malama, midil ararriyar kalma ce daga Turanci, ma'anarta tsakiya. Makaranta ce ta kwana da aka yi a da tsakanin elemantare da kwaleji, ƙarƙashin kulawar En'e, wato hukumar gargajiya, tun wajen 1930. Wanda ya gama ta yakan zama akawu ko malamin asibiti ko malamin gona, ƙalilan ne ke zarcewa kwaleji. A midil ta Bauchi Abubakar Tafawa Ɓalewa ya koyar bayan ya dawo daga Kwalejin Katsina a 1933, har ya zama hedimasta. Malam Aminu Kano ma ya koyar a can. Kakanki ba ƙaramin ɗan boko ba ne a zamaninsa.

Tambayarki ta biyu ita ta fi tsaya mini a rai. A ganina wannan ba karin magana ba ce. Karin magana takan lulluɓe manufarta, sai mai hankali ya kwance. In an ce "icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi", ai ba zancen icce ake yi ba. Ita kuwa wannan ba ta ɓoye komai, ra'ayi ne kawai da aka yi ta maimaitawa har kunne ya saba.

Kuma ki duba inda ta sami gindin zama. Sai a 1930 Turawan mulki suka buɗe makarantun 'yan mata a Kano da Katsina, shekara ashirin da ɗoriya bayan makarantar Nasarawa ta Kano da Bature Hans Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe, yawancin ɗaliban kuma daga gidajen sarauta aka ɗebo su. Abin da aka fi koya musu shi ne ɗinki da girki da tsafta da renon yara. Hanyar da ke kai yaro midil da kwaleji ba a shimfiɗa musu ita ba. Wanda ya ga an tsara karatu don madafi, dole ya ce a madafi yake ƙarewa.

Alhali tun kafin zuwan Bature, Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, tana naɗa jajis, wato malamai mata, suna bin ƙauyuka suna karantar da mata, ana kiran ƙungiyarsu 'yan taru. In iyayen nan suka sake kawo miki maganar, ki tambaye su cikin ladabi a bakin wane tsoho suka ji ta, sannan ki ba su labarin jajis.