Sirace da tsirran da ke sa zufa: shin cuta tana bin gumi ta fita?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni uwa ce daga Funtuwa. Yarona ɗan shekara 4 ya kwana 3 yana zazzaɓi. Kakarsa ta tafasa ganyen darbejiya da na mangwaro da na gwaba da lemun tsami, ta lulluɓe shi da bargo ya yi sirace, ta kuma ba shi ruwan citta da kanumfari. Ya yi sharkaf da zufa, jikin ya yi sanyi, har ya tashi ya ci tuwo. Hajiya ta ce cutar ta fita. Washegari da la'asar zazzaɓin ya dawo. Wane tsiro ne ya fi waɗannan sa zufa in nemo? Ba na so in saɓa wa Hajiya.

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Allah ya ba shi lafiya. Kafin mu shiga zancen ganye, ki kai yaron nan a yi masa gwajin zazzaɓin cizon sauro yau, kada ki bari sai gobe. Ɗigon jini ne daga yatsa, cikin minti 15 zuwa 20 an ga sakamako. Yadda kika ba da labarin, zafi ya hau, zufa ta karyo, yaro ya warware, sannan abu ya dawo, haka wannan cutar take tafiya ko an yi sirace ko ba a yi ba.

Hajiya ba ta faɗi abin da ba ta gani ba. Duk wanda ya yi jinya ya san cewa sa'ad da zufa ta keto wa marar lafiya, sauƙi ya zo. Inda aka samu kuskure shi ne wane ne ya jawo wane. A cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan sashe da ke tsayar wa jiki ma'aunin zafinsa, wajen digiri 37. Idan ƙwayar cuta ta shiga, sojojin jini suna sakin sinadaran da ke sa wannan sashe ya ɗaga ma'aunin, ya kai shi 39 ko 40. Daga nan jiki yana ganin kansa a cikin sanyi, sai rawar ɗari da neman bargo ko da tsakar rana ce a watan Afirilu. Idan sinadaran suka lafa, ma'auni ya koma 37, jiki ya tarar da zafi ya yi masa yawa, sai ya buɗe kafofin gumi don ya huce. Wato zazzaɓin ne ya fara sauka, zufar ta biyo baya. Shi ya sa za ki ga wanda ya sha farasitamol yana gumi bayan ɗan lokaci, alhali ba citta a cikin ƙwayar. Gumin kansa kuwa kusan duka ruwa ne da ɗan gishiri. Ƙwayar cizon sauro tana cikin jajayen ƙwayoyin jini, ba ta da hanyar fita ta fata. Duk lokacin da ta hayayyafa ta fasa su, zazzaɓi ya sake tashi.

To, tsirran da kika tambaya. Suna sa zufa da gaske, ba camfi ba ne, amma ba duka ta hanya ɗaya ba.

Waɗanda suka fi aiki a wajenmu su ne kayan yaji da ke cikin kowane madafi: citta, masoro, barkono, sai kanumfari da kimba da ake haɗawa da su. A harshe da fata akwai jijiyoyin da aikinsu shi ne jin zafin da ya kai na ƙuna, wajen digiri 43. Sinadarin barkono da ake kira kafsaisin yana taɓa waɗannan jijiyoyi kamar wuta ce ta taɓa su, haka ma jinjarol na citta da fifarin na masoro, sai dai nasu bai kai na barkono ba. Ƙwaƙwalwa ta samu saƙon cewa ana ƙonewa, sai ta aiko da gumi, goshi ya jiƙe, hanci ya tsiyaya. Da barkonon nan David Julius, wani masani a Amurka, ya gano maɓallin jin zafin a 1997, kuma aikin ya kai shi ga lambar Nobel a 2021. Ni dai abin yakan ba ni dariya, domin duk mai sayar da tsire a tasha ya daɗe da sanin cewa yajinsa yana sa mutum share goshi.

Ganyayen sirace kuma labarinsu daban ne. Darbejiya, mangwaro, gwaba, gwanda, ɗoɗɗoya, ganyen turare, ciyawar nan mai ƙamshin lemo da ake jefawa a shayi: idan aka tafasa su aka lulluɓa, tururin da bargon ne ke fitar da mafi yawan zufar. Ki tafasa ruwa zalla ki lulluɓa, za ki yi gumi. Abin da masu ƙamshin cikinsu ke ƙarawa shi ne man da ke tashi da tururi, wanda ke sa mai mura ya ji hancinsa ya buɗe. Ga babba mai mura da toshewar hanci da ciwon jiki, ba na hana sirace na ɗan lokaci, da kofin citta mai ɗumi da lemun tsami da zuma. Yana sa a ji daɗi, mura kuma dama da kanta take tafiya.

Kin tambayi wanda ya fi ƙarfi. Akwai, kuma labarinsa ne zai nuna miki dalilin da ya sa ba shi kike nema ba. A Barazil akwai wani tsiro da ake kira jaborandi, wanda ganyensa ke matse kafofin gumi da na yawu kai tsaye, mutum ya yi ta zuba kamar an buɗe famfo. A 1875 aka ware sinadarinsa, filokafin, likitocin Turai na wancan zamani suka riƙa ba marasa lafiya don su yi gumi. Daga baya aka bar wannan amfani. Yau ana sa shi ne a maganin hawan jinin ido da na bushewar baki. A ƙasar Sin kuma akwai mahuwang, wanda aka daɗe ana sha don fitar da gumi a farkon mura, amma yana ɗaga bugun zuciya da hawan jini, har Amurka ta hana sayar da shi a matsayin ƙarin abinci a 2004. Tsirran da suka zama maganin cizon sauro na gaskiya, ɓawon itacen sinkona da aka samu kwinin daga cikinsa a 1820, da ganyen da Tu Youyou, wata masaniya 'yar ƙasar Sin, ta fitar da atimisinin daga gare shi a 1972, ba don suna sa zufa suka yi aiki ba. Ƙwayar cutar suke kashewa a cikin jini. Ganyen na biyu dangin tazargade ne, kuma ko shi Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta yarda a dogara da jiƙonsa ba, domin ba a san yawan maganin da ke cikin kowane kofi ba.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarki shi ne bargon. Yaro mai zazzaɓi ya riga ya fara rasa ruwa, ba ya ci sosai, ba ya sha sosai. Lulluɓe shi a kan tukunya yana ƙara masa zafi a lokacin da jikinsa ke neman hanyar fitar da shi, yana kuma ƙwace ɗan ruwan da ya rage. Yara daga wata 6 zuwa shekara 5 su ne zazzaɓi mai zafi ya fi jefawa cikin jijjiga. Ga kuma tukunyar kanta: motsi ɗaya yaro zai yi a ƙarƙashin bargo, tafasasshen ruwa ya kife masa a cinya. Darbejiya kuma kada a ɗura masa ruwanta mai kauri, balle man 'ya'yanta, wanda aka san yana sa ƙananan yara amai da suma. Ko manya ba kowa ne zafi irin wannan ya dace da shi ba. Mai ciki, mai ciwon zuciya, mai hawan jini da tsoho mai rauni su bar sirace. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya ga masu jego, suka danganta shi da zafin wankan jego da kwanciya a gado mai wuta da kunun kanwa mai yawa.

Idan gwaji ya nuna cizon sauro, za a ba shi maganin ACT, wato haɗin magani mai tushe daga atimisinin ɗin nan, gwargwadon nauyinsa. Irin wanda aka fi bayarwa ana shan sa sau 2 a rana har kwana 3, da madara ko abinci mai ɗan maiƙo, kuma a shanye duka ko ya tashi yana wasa a rana ta biyu. Idan gwajin bai nuna ba, a duba maƙogwaro da kunne da ƙirji da fitsari. A gida ki rage masa kaya, ki shafe shi da tsumma da ruwa mai ɗan ɗumi, ki yawaita ba shi ruwa, kunu, da ruwan gishiri da sukari. Amma idan ya fara jijjiga, ko yana amayar da duk abin da ya shiga cikinsa, ko ya ƙi sha, ko barcinsa ya yi nauyi ba ya tasuwa, ko tafin hannunsa ya yi fari, ko fitsarinsa ya yi duhu kamar shayi, a wuce asibiti ko da tsakar dare ne.

Batun Hajiya kuwa, ba sai kin ce mata ta yi kuskure ba. Ki gaya wa maigidan, shi ya ce da ita za a je a duba jinin yaro, in da hali ma a tafi tare da ita ta ga sakamakon gwajin da idonta. Ki roƙe ta ta ci gaba da dafa masa cittar, 'yar kaɗan marar yaji sosai, da lemun tsami da cokalin zuma, tunda ya wuce shekara 1. Ita za ta riƙa ba shi da hannunta bayan ya sha maganin, bargon kuma a ninke shi a ajiye.