Amsa ga ɗan ƙanwata kan maganar "daji ba ya son ƙarfe"

Ɗana, saƙonka ya iso gare ni, kuma tun da na karanta shi hankalina yake wurinku. Ka ce kumburin gwiwar ƙaninka, wanda aka yi wata huɗu ana kai shi wurin mai ɗori, asibiti ya tabbatar ciwon daji ne na ƙashi, har likita ya ambaci gashi da na'ura haɗe da maganin da ke zaburar da garkuwar jiki. Kakarku ta wajen uba kuwa ta ce daji ba ya son ƙarfe, ba a yi masa allura, shi ne kake tambaya ko al'ada ce da ta wajaba a bi.

Maganar tsohuwa ce, mu ma mun tashi mun tarar da ita, kuma ba daga banza ta fito ba. A shekarun da na yi ina aikin jinya na ga tushenta da idona: ba a kawo mara lafiya sai ciwon ya ci jiki, ya riga ya bazu zuwa huhu, idan aka yi tiyata kuma rai ya yi halinsa, sai dangi su koma gida suna cewa wuƙa ce ta tunzura dajin. Abin da suka gani gaskiya ne, amma jinkiri ne ya yi ɓarnar, ba ƙarfe ba. Mai ɗori ya san karaya, sai dai ƙashin da ciwo ya cinye ta ciki ba ya jure murza da ɗauri.

Ka bayyana wa tsohuwa cewa wannan gashi ba shi ne gashin ƙashi da ake yi wa mai shanyewar jiki ba. Haske ne mai ƙarfi da na'ura ke aikawa daidai wurin ciwon, yaro yana kwance na 'yan mintoci, babu yanka, babu ƙarfen da zai shiga jikinsa. Shi kuwa maganin garkuwa, asalinsa ma daga likitan ƙashi ne, William Coley na birnin New York, wanda tun 1891 ya riƙa sa wa masu irin wannan ciwo ƙwayoyin cuta da gangan domin jiki ya farka ya yaƙi dajin. A 2018 aka ba James Allison da Tasuku Honjo kyautar Nobel saboda gano yadda ake kwance takunkumin da ke hana garkuwa kai wa daji hari. Hikimar haɗa gashi da maganin garkuwa ita ce, idan haske ya farfasa ƙwayoyin dajin, alamominsu sukan fito fili, garkuwa ta gane abokin gaba, wani lokaci har ciwon da ke nesa da inda aka gasa ya ragu, ko da yake hakan ba kasafai yake faruwa ba.

Amma ba zan ruɗe ka ba. Waɗannan magunguna sun yi tasiri a dajin fata da na huhu, a dajin da ya faro daga ƙashi kuwa har yanzu gwaji ake yi, ga kuma tsada mai karya gida. Saboda haka kafin mahaifinka ya ɗaga gona, ku tambayi likita sunan ciwon. Idan nau'in dajin ƙashi ne da ake kira Ewing, yana jin gashi sosai. Idan osteosarcoma ne, wanda ya fi kama samari a gwiwa, ba ya jin gashi yadda ake so, ginshiƙin maganinsa ƙarin ruwan kashe daji ne da tiyata, wani lokaci har da cire ƙafa. Ina zaton wannan ne abin da kakarku ke tsoro ta kasa furtawa.

Al'adar da nake so ka riƙe ita ce ta girmama manya. Yanke shawara na mahaifinka ne, kada ka ɗaga wa tsohuwa murya, ka roƙe ta ta raka ku ta ji daga bakin likita. Addu'a da sadaka a ci gaba da su, amma duk saiwa ko sassaƙen da ake jiƙa masa a faɗa wa likita, domin hanta da ƙoda ne za su ɗauki nauyin maganin asibiti. Shi ma yaron, mai shekara 16, kada a ɓoye masa, jikinsa ne.

Ranar Juma'a in Allah ya yarda ina tafe, ka ajiye mini takardar gwajin tsokar da aka ɗiba. Allah ya ba shi lafiya.