An Ga Ƙullutu a Hoton Mamana, In Yarda a Yanke?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. An yi mini hoton mama, likita ya ga ƙullutu, yana zargin sankara ce. Yayata ta ce kada in yarda a yanke, in yi tawakkali in riƙe ruƙiyya. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah Ya ba ki lafiya, 'yar'uwa. Kin ce zargi likita yake yi, to maganar yankewa lokacinta bai zo ba. Hoto ba ya tabbatar da sankara sai an tsakuro ɗan nama da allura an gwada, kuma ƙullutu da yawa ba sankara ba ne. Gwajin nan shi ne ya wajaba a kanki yanzu. Jita-jitar cewa allurar na sa ciwon ya bazu kada ta tsayar da ke, jinkiri ne ke ba shi dama.

In ta tabbata, ba kowace mace ake cire wa mama gaba ɗaya ba. Wata ƙullutun kawai ake cirewa a bi da gashin na'ura (haska wurin don kashe ragowar ciwon), wata a haɗa mata da kemo (magani mai kashe ƙwayoyin sankara), wata ta sha ƙwayoyin rage tasirin homon (wani sinadarin jiki) shekara 5 ko fiye. Wadda aka gano nata da wuri galibi tana warkewa. Tiyatar halal ce, haka likita namiji in ba a sami mace ba, ba tare da keɓancewa ba.

Maganar yayarki tana da asali, domin wasu malamai sun fifita barin magani, suna kafa hujja da hadisin Ibn Abbas kan matar nan mai farfaɗiya da ta zaɓi haƙuri. Sai dai ita addu'ar Annabi (SAW) aka ba ta zaɓi a kai, babu wani sanannen magani da ta ƙi, kuma ta ci gaba da rayuwa da lalurarta. Sankara kuwa in an ƙyale ta takan kai ƙashi, hanta ko huhu, a lokacin sai dai a sassauta. Shi ya sa Majalisar Fiƙihun Musulunci a zamanta na Jidda a 1992 ta ce magani wajibi ne idan barinsa zai kai ga rasa rai. Ki yi ruƙiyyarki, ki je asibiti, ba sa cin karo.

Kada ki ɓoye wa maigidanki, ba shi da ikon hana ki. In kina da ciki ki sanar da likita tun farko. Yayarki kuma tsoro ne ya sa ta faɗi haka, ki tafi da ita ranar gwajin.

Wallahu a'alam.