Tambaya da Amsa: Sauti na gudu cikin ƙarfe, to me ya sa haske ke rage gudu cikin gilas?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce aji biyu na babbar sakandare. An koya muna cewa in abu ya cika cunkushewa sauti ya fi gudu cikinai, amma kuma haske sai ya rage gudu. To mi yas sa haka? Dukkansu ba igiyoyi ba ne? Wallahi abin ya ɗaure min kai. Daga wata ɗaliba, Mabera, Sakkwato.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗiyata, Allah ya yi miki albarka, tambayar nan ta min daɗi. Kanki ya ɗaure ne saboda rabin maganar farko ba daidai take ba, kuma ina jin takaicin yadda ake ta maimaita ta ga yara.

Eh gaskiya ne sauti na tafiyar kamar mita 343 a daƙiƙa cikin iska, cikin ruwa wajen 1,500, cikin ƙarfe kuwa ya kai 5,000 har ya wuce. To amma ba cunkoso ya kawo haka ba, tauri ne. Sauti turereniya ce, ƙwayar abu ta tunkuɗi maƙwabciyarta ita ma ta tunkuɗi ta gaba, in abin mai tauri ne tunkuɗar nan take take isa, in kuwa ƙwayoyin masu nauyi ne sai su yi nawar motsi. Kin ga kenan nauyi ma jan sauti baya yake. Ƙarfe ya fi iska nauyi, sai dai yadda ya fi ta tauri ya ninka haka nesa ba kusa ba, shi ya sa ya yi nasara.

Ga hujjar da na fi so. Ki ɗauki darma da alminiyon ɗin da ake tukunya da shi. Darma ta fi shi nauyi wajen ninki 4, amma laushi gare ta, farce ma na iya yi mata zane. A sandar alminiyon sauti na yin wajen mita 5,100 a daƙiƙa, a sandar darma kuwa wajen 1,200 kacal. Da cunkoso ke ƙara gudu ai da darma ce gaba.

Ko zafin garin namu na da hannu a ciki, a watan Afrilu in ma'auni ya kai digiri 40 sauti na yin kusan mita 355, da sanyin asubar hunturu kuwa bai kaiwa haka.

Shi haske labarinsa daban. Bai buƙatar abin da zai ɗauke shi, shi ya sa hasken rana ke ratso sararin da ko iska babu ya iso mana, inda sauti bai iya ko taku ɗaya. A can yake gudunsa na ƙarshe, kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa. Da ya shiga ruwa sai ya yi ta mu'amala da lantarkin da ke cikin ƙwayoyin ruwan, tafiyar ta dawo wajen 225,000, cikin gilas wajen 200,000. Wannan sauyin gudu ne ke lanƙwasa shi, shi ya sa cokali a kofin ruwa ke zama kamar ya karye. Ibn Sahl, masanin Bagadaza, ya rubuta ƙa'idar wannan lanƙwasa tun wajen shekarar 984.

Nan ma dai kar ki riƙe cewa nauyi ne ke hukunci. Ki zuba man gyaɗa kan ruwa a kofin gilas, man zai taso sama don ya fi ruwa rashin nauyi, amma haske ya fi yin nawa cikinsa, wajen kilomita 204,000 a daƙiƙa, alhali a ruwan da ke ƙasansa 225,000 yake yi. Ki tsoma tsinken tsintsiya a karkace ki leƙa ta gefe, a bakin man za ki ga ya karye, inda man ya haɗu da ruwan kuma ya sake karyewa.